Wayar da Baba Ilu Ya Soke

Ranar da na fara taka Bompai, mutum uku ne suka tambaye ni ko gadi nake nema, na huɗun ya ce in na iya shayi akwai gurbi a ƙofar wani kamfanin alewa. Babu wanda ya tambayi sunana. Da sun ji harshena sai su ce, "Au, ɗan Nijar ne," shi ke nan an gama da ni. Sunana Habu, daga Damagaram na zo a shekarar dubu biyu da shida, kuma ba gadi ya kawo ni Kano ba. Shekara uku na yi ina aiki a wani shagon intanet a garinmu, sai na ji labarin kamfanonin Kano sun fara haɗa kwamfutocinsu da juna, suna neman masu kula da abin ido rufe. Mahaifina bai so tafiyar ba. Ya ce ya ba ni daga layya zuwa layya: in na samu aiki in zo in ɗauki matata Zulai da jaririyarmu, in ban samu ba in dawo in zauna a shagonsa na gero, kada ya ƙara jin zancen kwamfuta a gidansa.

Zangona na farko wata makaranta ce a saman bene a Bompai, inda aka ce ana koyar da aikin netwok. Mai ita wani ne da ya raɗa wa kansa Injiniya Kabiru. Kullum da kwat ko da zafi na kashe mutane, wayar hannu biyu a ƙugu, ga tulin makullai yana kaɗawa. A gaban aji akwai akwatin gilashi, a ciki an ajiye suwici guda ɗaya. Ga wanda bai sani ba, suwici wani akwatin ƙarfe ne mai faɗi da ramuka a jere, kowace kwamfuta a jona wayarta a rami ɗaya, shi kuma ya riƙa kai saƙon wannan ga waccan. Shi na baro gida domin in koya, shi ne kuma aka hana mu taɓawa.

Wata biyu muna kwafar zane daga allo. Injiniya ya zana murabba'i ya ce suwici ke nan, ya ja layi ya ce waya ke nan, mu ashirin da wani abu mu duƙufa muna rubutawa. Ran nan na ɗaga hannu na ce, "Injiniya, yaushe za a kunna mana shi mu gani?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan Faranshi, a garinku an taɓa ganin irinsa? Wannan in ka ƙona shi, raƙuman gidanku duka ba za su biya ba."

Aji ya kwashe da dariya. Mu ko akuya ba mu da ita a gida, amma wa zan tsaya yi wa bayani? Bayan kwana kaɗan aka buɗe gilashin za a goge, na faki ido na ɗaga akwatin. Ba nauyi ko kaɗan. Na leƙa ta kafar iska, wallahi babu komai a ciki, kwanko ne kawai. Na ɗauki littafina na sauka daga benen, ban ƙara hawa ba. Abin da na biya ya tafi, kuma har yau in na tuna da kaɗa makullan nan sai raina ya ɓaci.

Daga nan sai Sharaɗa. A lokacin kamfanoni na ta rufewa saboda rashin wuta, 'yan gwangwan kuma na saye kayansu a gwanjo. Na yi sati uku ina bin filayensu ina tona tarin ƙarfe, suna kallona a matsayin mai taɓin hankali. A ƙarƙashin wasu matattun fankoki na ci karo da suwici biyu na wata masaƙa da ta mutu, masu rami ashirin da huɗu, irin na manyan kamfanoni. Mai wurin bai ma san mene ne ba. Ya ɗora su a sikeli ya sayar mini a matsayin ƙarfe, har yana ƙorafin ba su da nauyi. Na ƙara da wata tsohuwar kwamfuta da murfinta ya ɓace.

A masallacin bakin filin nan na haɗu da Baba Ilu. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ya zo Sharaɗa sayen langa-langa. Ya ga na idar da salla ina rungume da ƙarafa, ya ce, "Samari, ina za a kai waɗannan?" Na gaya masa gaskiya: ɗakin da nake kwana mu bakwai ne, babu inda zan ajiye su, balle in kunna. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Akwai ɗakin zaure a gidana a Challawa. Ɗana ya yi aure ya tashi. In ba ka ƙyamar warin fata, zo mu je."

Warin fata kam akwai shi. Kamfanonin jima sun kewaye ƙauyen, ruwansu na bi ta kwata baƙi ƙirin, wani lokaci shuɗi. Wata na farko ko tuwo na sa a baki sai in ji warin. Baba Ilu ya nuna mini katangar wani kamfanin fata ya ce, "Ka ga daga can zuwa can? Gonar mahaifina ce." Yanzu shi ke share ofisoshin da aka gina a kanta. Bai faɗi haka da ɗaci ba, ni ne na ɗaci masa.

Mutumin nan yana da wata ɗabi'a. Ba ya iya ganin bakin igiya yana lilo ya wuce. Igiyar guga, igiyar shanya, ɗaurin buhu, sai ya tsaya ya naɗe ya soke bakin. Ya ce tun yana yaro mahaifinsa ke dukansu a kan haka, don sakakkiyar igiya ita ke harɗe ƙafar dabba. Sau nawa ina fita in dawo in tarar ya shiga ɗakina ya naɗe mini wayoyi tsaf, ya rataye su a ƙusa. Tun ina jin haushi har na saba, na riƙa yi masa godiya.

A ɗakin nan na yi karatun da Bompai ta hana ni. Na ɗora suwici biyu a kan benci, ɗaya bisa ɗaya. Wuta kuwa sai ta ga dama, wani lokaci awa biyu da hantsi, wani lokaci a kwana uku ba a gan ta ba. Da na ji yaran unguwa sun yi ihun an kawo, ko loma ce a hannuna sai in ajiye. Matsalar farko, masu kayan na da sun kulle su da kalmar sirri, sun tafi da ita. Kwana tara ina fama. A wani shagon intanet a Na'ibawa na samo bayanin cewa sai ka danne wani ɗan maɓalli a gaba, ka jona wuta kana danne da shi, sannan ya ba ka hanya ka goge tsohon tsari. Ranar da rubutu ya fito a allon kwamfuta yana jiran umarnina, na yi kabbara da ƙarfi har Inna, matar Baba Ilu, ta aiko a ji ko lafiya.

Daga nan na koyi raba suwici ɗaya gida-gida, yadda kwamfutar ɗakin ajiya ba za ta ga ta ofishin manaja ba. Na koyi matse kan waya da hannuna, na gane cewa wayar da ke haɗa suwici da suwici ba irin wadda ke zuwa kwamfuta ba ce, sai an sauya jerin silin cikinta. Na ɓata kawuna sun fi a ƙirga kafin hannuna ya faɗa. Ranar Juma'a nakan je wurin masu laima da ke sayar da kira in buga gida. Zulai ta ce yarinya ta fara rarrafe, wata Juma'ar ta ce ta tsaya da bango. Nakan ce mata komai na tafiya daidai, in dawo in zauna gaban ƙarafana in rasa abin da ke mini daɗi. Kewar gida ta dame ni ƙwarai, har furar Inna nakan sha ina kushe ta a zuci, alhali kyauta take ba ni.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne wata 'yar fitila. Kowane rami yana da tasa. In ka jona waya sai ta yi ruwan lemo kamar rabin minti, sannan ta koma kore, aiki ya fara. Wata rana na ce bari in haɗa suwicin sama da na ƙasa da waya biyu maimakon ɗaya, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta riƙe. Ta farko ta yi kore. Ta biyu ta tsaya a ruwan lemo ta ƙi motsi. Na sauya waya, na sauya rami, na zagi mai gwangwan har kakansa. A ƙarshe na gano akwai wani tsari a ciki da ke riƙe ta, na ce to kai ne mugun, na kashe shi.

Nan take duk fitilu suka yi kore, na ji daɗi. Ban gama murmushi ba suka fara ƙiftawa gaba ɗaya, da sauri, a tare. Kwamfuta ta sandare. Fanka a cikin ƙarfen ta hau kuka. Na zare waya ɗaya, komai ya lafa. Na mayar, ya sake haukacewa. Sai a lokacin kaina ya waye. In hanya biyu ce tsakanin suwici biyu, saƙo yakan fita ta nan ya dawo ta can, ya sake fita, yana ninkuwa, har ya cushe ko'ina. Tsarin da na kashe mai gadi ne. Wannan rabin minti da yake sa ka jira, dubawa yake ko akwai zagaye, in ya gani ya toshe hanya ɗaya. Na mayar da shi, na ba shi haƙuri a zuciyata. Na maimaita gwajin nan ya fi sau ashirin, har ya zama ko daga bakin ƙofa na hango ƙiftawar na san ta.

Saura wata ɗaya layya Baba Ilu ya shigo da labari. Kamfaninsu na neman wanda zai zauna dindindin yana kula da kwamfutoci, don ɗan kwangilar da ya haɗa musu sai an yi ta kira kafin ya zo. Ya ce ya yi wa manaja, Alhaji Sabo, maganata. Na wanke rigata ta kirki na tafi. Sau biyu ina wuni a benci a ƙofar ofis, Alhaji na wucewa ta gabana yana waya, ko kallo ban ishe shi ba. Mutum ne mai son a san shi ne manaja. Takardata ta makaranta da aka miƙa masa, ya juya ta ya ce wannan da wane yare aka rubuta, ya tura ta gefe.

Zuwa na uku, wata Litinin da safe, na tarar da ofis a hargitse. Ba kwamfutar da ke magana da 'yar'uwarta, ga motoci cike da fata a tsaye suna jiran takardun fita. Alhaji na ta faɗa. Can sai ga ɗan kwangila ya iso, da kwat, yana kaɗa makullai. Injiniya Kabiru ne. Ashe ƙanin matar Alhaji ne, abin da ya sa kwangilar ta zama tasa ke nan.

Awa biyu yana shiga yana fita. Da farko ya ce cutar kwamfuta ce ta shigo daga waje. Daga baya ya ce tsawa ce, alhali rabon Kano da ruwa an yi watanni. A ƙarshe ya ce suwici biyun kamfanin sun ƙone, sai an yi odar sababbi daga Legas. Ina benci ina jin sa, kunya na kama ni a madadinsa. Baba Ilu ya ajiye tsintsiya ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yaron nan da na faɗa muku, ko za a bari ya duba?"

Injiniya ya waiwayo ya gane ni. "Wannan? Ɗalibina ne fa, Yaya Alhaji. Wata biyu ya yi ya gudu, kansa ba ya ja."

Alhaji ya dubi motocin ta taga ya ce, "Kai ɗan Nijar, in ka tayar da shi yanzu, aikin naka ne. Na faɗa a gaban kowa."

Aka buɗe mini ɗan ɗakin da kayan suke. Tun daga bakin ƙofa na ga ƙiftawar nan, gaba ɗaya, a tare. Murna ta kama ni. Na bi wayoyin da ido. Tsakanin suwicin sama da na ƙasa akwai sabuwar waya shuɗiya, ga kuma wata tsohuwa ruwan toka, ita ma daga sama zuwa ƙasa. An naɗe tsakiyarta tsaf, an zagaye, an soke bakin a rami na ƙarshe. Na san naɗin nan. Kullum ina ganinsa a ƙusar ɗakina.

Na zare ta. Kafin in juyo wani akawu ya yi ihu daga ciki, "Ya dawo! Alhaji, ya dawo!"

Alhaji ya washe baki, ya dafa kafaɗata, ya ce gobe in zo da hotuna biyu. Na ga Zulai a Kano, na ga ɗakin da zan kama mana a Na'ibawa. Sai ya ce, "To, wa ya jona wannan wayar?"

Injiniya ya yi caraf ya ce, "Ni dai na sauya ta da sabuwa ranar Alhamis, na bar tsohuwar a sake. Mutum biyu ke da makullin ɗakin nan, ni da mai shara."

Baba Ilu bai jira an tambaye shi ba. Ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Da safen nan na ga tana lilo har ƙasa, na ce kada tsintsiya ta ja ta. Na ga rami a buɗe na soke."

"Ka ga rami ka soke! Gonar ubanka ce?" Haka Alhaji ya ce da dattijon da ya isa ya haife shi, alhali kuwa a kan gonar uban dattijon suke tsaye. "Ajiye makullin. Ka je, mun gode."

Baba Ilu ya fara kwance makulli daga igiyar wuyansa. Da wannan sharar yake ciyar da gida, ni ma a cikinta na ci tuwo wata bakwai. Ba abin da ake nema daga gare ni sai in yi shiru. Na yi shirun kuwa, na ɗan lokaci, kuma ba na alfahari da shi. Sannan na ji bakina yana cewa, "Alhaji, ku gafarce ni. Ba laifinsa ba ne."

Na ce irin wannan suwici an yi shi ne domin irin wannan kuskure, ko waya goma aka soke bai kamata ya faɗi ba, sai in wani ya kashe mai gadin da ke ciki. Na roƙi a ba ni kwamfuta. A gaban akawu da masinja da direbobin da suka leƙo, na buɗe tsarin na nuna musu layin da aka kashe shi. Na kunna, na jira ya daidaita. Na miƙa wa Baba Ilu wayar na ce, "Baba, ku mayar da ita inda kuka sa ta." Ya dube ni, ya soke. Fitilar ta yi ruwan lemo ta tsaya a haka. Akawu ya ce komai na tafiya.

Alhaji ya juya ga surukinsa. "Kabiru, wa ya kashe?"

Da mai hankali ne da ya haɗiye. Amma Injiniya ya ji wuta, ya ce, "Haba Yaya Alhaji, ai ku kuka ce! Ranar da baƙi za su zo kuka ce ba ku son ganin jar fitila ko ɗaya, kuma kun gaji da jira in an kunna inji. Kuka ce in san yadda zan yi duk su zama kore."

Wani direba ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Manaja da injiniyansa, ɗaya ya ba da umarni don fitila ta yi wa baƙi kyau, ɗaya ya bi bai san abin da yake kashewa ba, su ne za su kori mai tsintsiya. Ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina su a wannan tsayuwar ba, kuma na san ya nuna a fuskata.

Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ilu, ɗauki tsintsiyarka." Ni kuwa bai dube ni ba. Ya ce da bango, "Za mu neme ka."

Washegari na zo da hotuna biyu. Mai gadi, wani ɗan ƙasarmu ne ma, ya sunkuyar da kai ya ce an ce kada a bar ni in shiga. Na zaga sauran kamfanonin Challawa da Sharaɗa a 'yan kwanakin da suka rage, ko'ina sai a ce in kawo takardar shaida daga makarantar da aka sani, irin ta Injiniya.

Ana jibi layya na haɗa kaya. Baba Ilu ya kawo kwali ya sa suwicina biyun da kansa, ya ɗaure da igiyar rama. Ya raka ni har bakin titi, muka jira har mota ta tsaya. Ya ce, "Habu, na ci maka aiki."

Na ce, "Baba, ba ku ba ne."

Ya ce, "Na sani. Amma da ka yi shiru." Sai ya juya da sauri yana gyara rawani.

Na isa Damagaram da la'asar. Yarinyata tana tafiya da ƙafarta, ta gan ni ta ɓuya a bayan uwarta. Zulai ta dubi kwalin, ta dube ni, ta je ta kawo ruwa. Mahaifina na zaune a kan buhu a ƙofar shago. Ya ce, "Shekara guda. Wannan ne abin da ka samo?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya jawo kwalin gabansa zai kwance, ya yi ta juya shi yana neman bakin igiya bai samu ba. Ya daɗe yana duban ɗaurin. Sannan ya ce, "Wa ya ɗaure maka wannan?"

Na ce wani dattijo ne da na zauna a gidansa.

Ya ce, "To, ka zauna da mutum." Ya miƙo mini makullin shago, ya ce gobe da sassafe za a kawo gero daga ƙauye, in zo da wuri.